Anti Rakiya, Wadda Ta Kai Ruwa Ƙarshen Layi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye a kicin, ko ruwan shayi ban ɗora ba, waya ta shigo daga Kano. Ina ganin sunan 'yarta jikina ya ba ni. Anti Rakiya ta rasu.

A ƙasa na zauna, ga kujera a gabana.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku yi min uzuri in na ce abin da ya biyo bayan kukan ajiyar zuciya ce. Duk wanda ya ga irin jinyar da baiwar Allahn nan ta sha a 'yan shekarun nan zai gane abin da nake nufi. 'Yarta ta ce abin ya zo da sauƙi, tana cikin hankalinta, da shahada a bakinta. Alhamdulillahi, ta huta.

Da yawanku a nan ba ku san ta ba. Waɗanda suka zauna a garin Greensboro na Amurka a shekarun casa'in kuwa ba sai na gabatar musu da ita ba. Ita ce doguwar matar nan mai tsohuwar mota ruwan toka, wadda ta zo karatun injiniyan noma, ɓangaren ban ruwa. Ba ta girme ni da yawa ba, amma ban taɓa iya kiran sunanta kai tsaye ba.

A tashar bas ta cikin gari na fara ganinta. Ina sabuwar zuwa, na hau bas ɗin da ba nawa ba, ya zagaya da ni ya dawo da ni inda na taso. Na tsaya ina share hawaye da gefen gyale. Sai na ji an ce a bayana, "Wannan ɗaurin kallabin dai ba na nan ba ne. Ke 'yar ina ce?"

Har ƙofar gida ta kai ni. A hanya ta yi min faɗa kamar ta shekara da sanina, wai babbar mace tana kuka a titi saboda bas.

Ita ta koya min tuƙi. Mai gidana ya gwada, muka kusa rabuwa. Ita kuwa sai ta zauna a gefe tana cin gyaɗa, in na taka burki da ƙarfi ta ce, "Uwani, motar ba ta yi miki laifin komai ba."

Ranakun Lahadi tana kula da wata tsohuwa a unguwar masu hali ta Irving Park. Duk rigar sanyin da gidan suka gaji da ita, a jikin wani sabon ɗalibi za ka gan ta kafin sati ya zagayo. Ba ta taɓa cewa kyauta ba ce. Sai ta ce, "Riƙe min wannan, ɗakina ya cika."

Irin waɗannan in na ce zan jera su ba zan gama yau ba. Abu ɗaya nake so in ba ku labarinsa, don ita da kanta ta ba ni izinin faɗa.

Da na yi haihuwar fari, mahaifiyata ta zo min jego. Inna mutuniyar ƙauye ce, ta saba da tsakar gida da maƙwabta da 'yan kajinta. Muka ajiye ta a hawa na biyu, ɗaki duk kafet, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Sannu a hankali ta daina magana. Abinci sai an yi da gaske. Ta wuni a bakin taga, jariri na kuka a gefenta sai an taɓa ta take ji. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba.

Anti Rakiya ta zo ta dube ta. Ranar Asabar sai ga ta da sassafe. "Inna, ɗauko mayafinki, zan kai ki unguwa."

McLeansville ta kai ta, can gabas da gari. A lokacin mutanenmu suna da lambu a bayan gonar wani dattijo ɗan asalin wurin, mai 'yan shanunsa da tafki. Sunansa ya yi mana wuyar faɗa, muka sa masa Mai Tafki, shi ma yana amsawa. Ya bar mana wani yanki muna shuka abin da ba a samu a kanti: yakuwa, rama, lalo, gauta, kuɓewa irin tamu.

Ina gani da idona, Inna ta sauka daga mota, ta tuɓe takalmi, ta duƙa ta damƙi jar ƙasar nan ta murza. Ta ce, "Ashe akwai ƙasa a garin nan."

Tun daga ranar muka samu Innarmu ta dawo. Aka yanka mana fili, na ƙarshe, can ƙasan layi, don mu ne muka zo a baya. Ta tayar da fangalinta, ta zuba yakuwa. Ta koma ci, ta koma faɗa, har ta fara gyara wa masu digiri yadda ake riƙe fartanya.

Sai aka yi wata shekara da sama ta ɗauke. Zafi ya yi zafi, ƙasa ta tsage, tafki ya fara ja da baya.

A nan sai na gabatar muku da Alhaji Mudi, Allah ya jiƙansa. Shi ne babbanmu. Shi ya samo filin, shi ya sayi injin ban ruwa da tiyo da kuɗinsa, kuma filinsa ne na farko a bakin tafki. Babu wanda ya sauka a garin nan a lokacin bai ci tuwon gidansa ba. Anti Rakiya ma a gidansa ta fara zama, shi ya ɗauko ta daga filin jirgi. Injiniya yake ce mata, ita kuma ta ce Baba. Ba ta da wani uba a ƙasar nan sai shi.

Tsarin ruwanmu ba wani tsari ba ne. Alhaji ya tayar da inji ranar da ya samu sarari, a fara daga sama a gangaro. Lokacin da ruwa ke da yawa babu wanda ya damu. Da tafki ya ja, Mai Tafki ya kafa turke a ciki ya ce kada ruwa ya sauka ƙasa da nan, saboda shanunsa. To kafin tiyo ya iso ƙasan layi an kai turke, an kashe inji.

Yakuwar Inna ta fara kwanciya. Muka riƙa ɗauko ruwa a jarka daga gida, amma me jarka za ta yi wa ƙasar da ta tsage?

Daga nan sai rigima. Wannan ya zo da bokiti a ɓoye, wancan ya bar ƙofar shanu a buɗe, kowa kuma in ransa ya ɓaci sai ya je ya ƙwanƙwasa wa Mai Tafki ƙofa ya kai ƙara. Dattijon ya gaji. Ya tara mu ya ce shi ba alƙali ba ne. Ko mu zo masa da magana ɗaya kafin wata ya ƙare, ko ya sa kwaɗo a ƙofa kowa ya huta.

Inna ba ta jin Turanci, amma ta gane. A mota ta ce min, "In an rufe, ki nema min jirgi." Ba tafiyar ce ta fi tayar min da hankali ba. Muryar da ta faɗa da ita ce, irin ta zaman bakin tagar nan.

A hanyar nan ne Anti Rakiya ta fara yi mana bayanin abin da take karantawa. Ta ce a jihohin yamma na ƙasar nan, inda noma ba ya yiwuwa sai da ban ruwa, manoman da ke shan ruwa ɗaya ba sa barin abin a hannun wanda ya fi kusa da bakin ruwa. Su kan haɗu su sa hannu, su kai wa hukumar yankinsu cewa suna son a kafa musu gundumar ban ruwa. Hukuma ta zauna ta saurari kowa, a shata iyaka, wanda aka sa a ciki bai ga amfani ba ya faɗa. Sai a sa rana, waɗanda ke cikin iyakar su jefa ƙuri'a. In masu so sun rinjaya, gunduma ta tabbata, su zaɓi masu riƙe ta daga cikinsu. Daga ranar ruwa ya bar zama alfarma, ya zama rabo.

Na ce, "Anti, mu da ko kadada biyu ba mu cika ba?"

Ta ce, "Ƙishin yakuwa ɗaya ne, ko a kadada dubu take."

Muka kai maganar gaban jama'a ranar Asabar, a gindin babbar bishiyar da muke sallah. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi.

"Injiniya, wannan ai na waɗanda ba su san juna ba ne. Mu 'yan uwa ne. To amma tunda ƙuri'a kike so, ga ta. Wanda ya yarda mu ci gaba yadda muke, ya ɗaga hannu."

Jama'a, hannu ya tashi kamar an shuka. Da na sama da na ƙasan layi. Da Malam Isufu ɗan Maraɗi, wanda gautarsa ta bushe ƙurmus, wanda duk satin yake rantsuwa sai ya faɗa wa Alhaji gaskiya. Da mai gidana. Da ni. Har Inna, da ta ga kowa ya ɗaga, ita ma ta ɗaga.

To yaya za a yi? Mutumin da ka ci tuwonsa yana kallon tsakiyar idonka. Kara ce, da ita aka raine mu, ba a cire ta kamar takalmi.

Anti Rakiya kaɗai ta bar hannunta a cinya.

Muna shiga mota, ko titi ba mu hau ba, ƙorafi ya dawo sabo. Malam Isufu da ke kujerar baya ya fi kowa zafi. Anti ta gangara gefen hanya ta kashe mota ta juyo.

"Malam Isufu, hannun wa na gani a sama ɗazu?"

Ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, Anti, hannun ne ya tashi, ba ni ba."

Ta yi dariya har da dukan sitiyari. Sannan ta ce, "Laifina ne. Na manta da wa nake magana. Ba a tambayar Bahaushe ra'ayinsa a gaban babba."

Cikin satin ta bi mu gida-gida, bayan ta taso daga makaranta. Ba ta roƙi kowa ya goyi bayanta ba. Tambaya ɗaya take yi: in an sake ƙuri'a yadda babu mai ganin hannunka, za ka zo? Kowa ya ce zai zo.

Sannan ta sa muka zaga lambun da ƙafa, gaba ɗayanmu, ana nuna inda iyaka za ta bi. Akwai wani ɗan Ghana da filinsa ke gefen wata 'yar ƙorama, ya ce shi ba ya buƙatar tiyon kowa, a fitar da shi. Wasu suka fara gunaguni. Ta ce haƙƙinsa ne, aka fitar da shi, aka ci gaba da gaisawa. Aka kuma tsayar cewa kowane fili ƙuri'a ɗaya, kuma wanda ke duƙawa a cikinsa shi zai jefa. Wato tamu Inna ce za ta jefa, ba mai gidana ba.

Saura Alhaji.

Na raka ta gidansa, don ta ce ba za ta yi masa a bayan ido ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai. Hajiya matarsa tana bakin ƙofar kicin ta ƙi shigowa. Alhaji ya daɗe yana jan carbi.

"Rakiya, ni za ki yi wa siyasa?"

Ranar ce na fara jin ya kira ta da sunanta. Na ga yadda abin ya shige ta.

Ta ce, "Baba, ba kai ake jefa wa ƙuri'a ba. Ruwa ake jefa wa."

Ya ce, "Ku je ku yi. Zan zo. Amma kowa ya sani, ni a'a zan jefa, kuma ba zan ɓoye ba." Ranar Juma'a bayan an idar ya maimaita a gaban maza, har da cewa shi ba ya magana biyu.

A mota, ina tuƙi, na ce mata ta bari. Na ce zan lallaɓa Inna, ko in mayar da ita gida, amma kada ta ɓata da mutumin da ya riƙe ta kamar 'yarsa saboda mu. Ta ce, "Uwani, kalli hanya, kina hawa layin mutane."

Ranar ƙuri'a ta zo da kwano cike da wake da masara a gauraye, da gwangwanin madara da ta huda murfinsa. Akwai wani tsohon ɗakin shanya taba a gefen gonar, na katako, babu taga. Ta ajiye gwangwanin a ciki. Kowa aka ba shi wake ɗaya da masara ɗaya. Wake, a kafa ƙungiyar ruwa da doka ɗaya a kan kowa. Masara, a ci gaba yadda ake. Ka shiga kai kaɗai, ka jefa ɗaya, ɗayan ka san yadda ka yi da shi.

Inna ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarta. Ta sa sabon zane. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce min, "Babu mai gani?" Na ce babu. Ta ce, "Ko Alhaji?" Na ce ko shi. Ta shiga ta ja ƙofa, ta daɗe har na fara tunanin ko lafiya. Da ta fito na tambaye ta me ya riƙe ta, ta ce addu'a ta tsaya yi wa waken.

Alhaji ne ya shiga ƙarshe. Kafin ya shiga ya ɗaga masararsa sama kowa ya gani. Ya fito fuska a ɗaure.

Anti Rakiya da Mai Tafki suka shiga ƙirga, shi a matsayin shaida. Mu kuwa muna waje muna jira. Na san mutanenmu. Mai yiwuwa ne kara ta bi mutum har cikin ɗakin da babu kowa.

Ta fito da gwangwani a hannu. Ba ta kalli kowa ba. Ta ce, "Wake ya rinjaya."

Malam Isufu ya ce, "Nawa da nawa?"

Kafin ya rufe baki ta juye gwangwanin cikin kwanon nan na saura, ta sa hannu ta gauraya. Ta ce, "Ya rinjaya na ce. Ga shaida nan, ku tambaye shi." Mai Tafki ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Malam Isufu ya yi ta mita wai ko a ƙasarsu ba a taɓa yin irin wannan ƙirga ba, amma murna ta hana kowa biye masa.

 Na jingina da motar wani ina ta hamdala.

A wurin aka zaɓi mutum uku da za su riƙe ruwan. An so a sa Alhaji a gaba, ya ce a'a. Ya ciro makullin akwatin inji ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Ku da kuka iya." Ya shiga motarsa ya tafi.

Dokar farko da aka kafa ita ce a riƙa juyawa: yau a fara daga sama, zuwa na gaba a fara daga ƙasa. Aka je aka faɗa wa Mai Tafki da baki ɗaya, ya ce kwaɗonsa ya koma aljihu.

Ranar da aka fara daga ƙasan layi, Anti Rakiya da kanta ta ja tiyon a kafaɗa har filinmu. Ya yi tari, ya tofar da iska, sai ruwa. Inna ta zauna a bakin fangali ta miƙe ƙafafu a ciki, ruwa na bin yatsunta. Ba ta yi godiya ba, ba ta iya ba. Ta dai kama hannun Anti ta riƙe.

Yakuwar ta tashi. Inna ta ƙara shekaru a wurinmu, da kanta ta ce ta ƙoshi sannan ta koma gida, da ƙunshin irinta a jaka.

Amma murnata ba ta cika ba, don ina ganin abin da ya biyo baya. Alhaji bai bar lambu ba, yana zuwa, yana jiran layinsa kamar kowa. Sai dai tsakaninsa da Anti Rakiya abu ya canja. In ta gaishe shi ya amsa a taƙaice, ido a ƙasa. Sunan Injiniya ya ɓace. In ta shigo falo ya tuna yana da abin yi a waje. Da ta gama karatu za ta koma gida, bai zo rakiya ba, Hajiya ya turo.

Bayan wasu shekaru shi ma ya rasu, ba su sake haɗuwa ba.

Abin nan ya zauna min a rai shekara da shekaru. Duk sanda na dafa miyar yakuwa sai na tuna cewa wata ta rasa uba don uwata ta samu ruwa. Muna waya da ita, muna hira, amma ban taɓa iya ɗauko maganar ba.

Bara na je gida, na ce ko me za a yi sai na gan ta. Na same ta a kwance a falonta, ta rame har ban so ta ga fuskata ba. Amma bakin yana nan. Ina shiga ta ce, "Wa ya tuƙo ki? In ke ce, a duba min katangata."

Muka yi hira, muka yi dariya, aka kawo abinci ta sa ni gaba sai na ci. Da na ga la'asar ta gabato, na san in ban faɗa yau ba shi ke nan. Na ce mata abin da ke cina. Na ce har yau ina jin nauyin fushin da Alhaji ya tafi da shi a kanta.

Ta dube ni. Sai ta fara dariya, dariyar ta zama tari, 'yarta ta rugo da ruwa. Da ta lafa ta ce, "Uwani, wannan kika ɗauko tun daga Amurka?"

Ta sa na matso kusa.

"Ranar da na buɗe gwangwanin nan, babu masara ko ƙwaya ɗaya. Wake ne zalla, kuma ya cika daidai da yawanmu."

Na ce, "Har da na Alhaji?"

Ta ce, "Baba ya gaji. Bayansa na ciwo da ɗaukar injin nan, wayarsa ba ta hutawa, kuma yana ganin yakuwar Inna kamar yadda kowa ke gani. Amma babba ne, ya riga ya yi magana a gaban mutane. Da wane baki zai ce ya sauka? Ɗakin nan ba ku kaɗai ya rufa wa asiri ba."

Na ce to shi ya sa ta juye gwangwanin?

"In na faɗi adadi na tsiraita shi. Kowa zai san ya ɗaga masara ya jefa wake."

Na ce, fushin fa? Gudunta da ya riƙa yi?

Ta ce, "Wane fushi? Kunyata yake ji. Ya san na gani, ni ma na san ya sani. Ranar da zan taho, Hajiya ta raɗa min cewa yana mota a waje, ya kasa shigowa. Na leƙa ta taga na gan shi. Ya ɗaga min hannu."

Wallahi ji na yi kamar an sauke min buhu daga ka. Na kifa kai a gefen gadonta na yi ta kuka, tana dukan bayana a hankali tana cewa har yanzu ban daina kuka a gaban mutane ba.

Da zan tafi ta ce, "Na riƙe masa iya riƙo. In na tafi ki faɗa, saboda 'ya'yansa. Suna jin ana cewa babansu ya ƙi, su san bai ƙi ba."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

To 'ya'yan Alhaji Mudi, na san wasunku suna nan suna karantawa, ko da sai an fassara muku. Mahaifinku ya shiga ɗakin da babu mai ganinsa sai Allah, ya zaɓi a raba ruwan da shi ya fi kowa iko da shi. Uwata ta sha daga hannunsa ba ta sani ba har ta koma ga Allah. Ni ma da na sani tun yana raye, da na je na durƙusa.

Ya Allah, ga Rakiya nan ta zo maka. Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi, ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Yadda ta rufa wa bawanka asiri, ka rufa mata nata. Ka jiƙan Alhaji Mudi, ka jiƙan Innata, ka ba 'yarta da sauran iyalinta haƙuri.

Bayan azahar za a yi mata sallah a Kano. Ni ina nesa, ba zan samu ba. Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce, ya haɗa da Baban nata.